Mutumin da Manman Ta Tsinto a Kasuwar Lestè

Ƙanena Osnel ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, yana da shekara ashirin da biyu, bayan zazzaɓin kwana biyu kacal. Ni na yi masa wanka, ni na ɗauki akwatinsa ta wajen kai. Saboda haka ranar da mahaifiyarmu ta dawo daga kasuwa bayan shekara uku, riƙe da hannun wani mutum tana cewa ga Osnel ya dawo, ni kaɗai ne a duk ƙauyen na san ba shi ba ne. Ni kaɗai ne kuma ba ni da bakin faɗa.

A nan wajenmu, cikin kwarin Latibonit inda ido ba ya ganin komai sai shinkafa, mutuwa iri biyu ce. Akwai ta Allah, wadda ke ɗaukar tsoho ko wanda ciwo ya daɗe yana ci. Akwai kuma ta hannun mutum. Saurayin da ya ɗauki buhu a ka ranar Lahadi, a ce ya mutu ranar Laraba, ba ɗan Haiti ɗaya da zai ce maka ta Allah ce. Tun mata ba su gama kukan farko ba aka fara raɗe-raɗin wani ya sayar da Osnel ga boka, an busa masa garin magani, za a zo bakin kabari a kira sunansa ya amsa, a fito da shi a kai shi wata gona mai nisa ya yi ta bauta ba hankali. Zombi ke nan, kuma ba uwar da ba ta gwammace ɗanta ya ruɓe a ƙasa da ya zama haka ba.

Maganin abin ma kowa ya san shi. Wasu sukan ɗinke bakin mamacin don kada ya amsa kira, wasu su zuba masa riɗi a akwati ya shagala da ƙirga. Masu taurin zuciya kuwa sake kashe shi suke yi, don boka ba ya iya tayar da wanda aka huda wa zuciya. Mahaifiyarmu, Manman Filomiz, ta hana duka. Lokacin ba ta daɗe da barin iskokin gidanmu ta koma coci ba, kuma sabon tuba ya fi fasto zafi. Ta ce ko allura ba za ta taɓa ɗanta ba, addu'a ta ishe shi.

Da aka fitar da mata daga ɗakin, ya rage daga ni sai Dyefò, tsohon da ke yi wa gawa wanka a ƙauyenmu. Ya tura ƙofa, ya zaro wata siririyar wuƙa mai mariƙin ƙaho daga jakarsa ta kaba, ya miƙo mini.

"Anteno, babanku ya mutu, kai ne babba," ya ce. "Uwarka tana da Yesu, to madalla. Amma in ka bar yaron nan haka, wata rana za ka je sayen rake a wani gari ka gan shi da igiya a wuya. Sai ka zaɓa."

Ya ɗora yatsa a ƙasan nonon Osnel na hagu, na yi abin da ya ce. Muka sa masa farar riga da kwat ɗin babanmu, muka kwantar da wuƙar a ƙirjinsa ta ciki, don Dyefò ya ce wuƙar da ta yi irin wannan aiki ba ta komawa hannun mai rai. Da la'asar aka tura akwatin cikin kabarin siminti da ke gefen gonarmu, aka toshe da bulo. Shekarar da ta biyo baya Dyefò ma ya mutu, maganar ta rage a cikina. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na riƙe ta.

Shekara ukun nan Manman ba ta rayu ba, numfashi kawai take yi. Ta daina waƙa a coci, ta daina faɗa da kaji, har gahawar safe da take cewa ba ta iya buɗe ido sai da ita, sai in tarar ta huce a kofi da ƙuda a ciki. Kasuwa kaɗai ta ci gaba da zuwa, ta zauna gaban gwangwanayen shinkafarta, duk abin da mai saye ya taya ta sallama. Ni kuwa da ma ba ɗan lele ba ne. Osnel ne mai ba ta dariya, ni ne mai gyara rufin ɗaki.

Ranar da abin ya faru ina shinge ina ɗaure wata karyayyiyar sanda, na ga motar kasuwa ta tsaya, Manman ta sauko ba gwangwani ba buhu, tana jan wani dogon ramammen mutum. Gashinsa a cukurkuɗe, ƙafafunsa sun tsattsage, kansa a sunkuye. A bayan injin casa na kasuwar Lestè ta gan shi, yana zaune kan tulin ƙaiƙayi yana tsotsar ƙwallon mangwaron da wani ya yar. Ta ce da ta kira sunan Osnel sai ya ɗago kai. Daga baya na gane ko da wane suna ka kira shi zai ɗago, muddin akwai abinci a hannunka.

Kafin rana ta faɗi tsakar gidanmu ta cika maƙil. Kowa ya zo ya samo tasa shaidar. Sò Klemeli maƙwabciyarmu, wadda ba ta iya gane akuyarta cikin akuyoyi biyu, ta rantse da kabarin uwarta cewa kunnuwan Osnel ne. Wani ya ga lanƙwasasshen ɗan yatsa ya ce ai shi ke nan, alhali rabin mazan da ke yankan shinkafa a kwarin nan suna da irinsa. Mutumin ya fi Osnel tsawo, aka ce rama ce ta sa. Ya fi shi tsufa da aƙalla shekara goma, aka ce bauta ce. Bai gane kowa ba, aka ce to da ma zombi yana gane mutane ne? Duk ƙofar da ka buɗe, sai ka tarar an riga an ajiye amsa a bayanta.

Na gwada sau ɗaya. Da mutane suka watse na same ta a madafa tana dafa masa ruwan wanka da ganyen lemo, na ce mata a hankali, Manman, wannan ba Osnel ba ne. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Kai ka haife shi?" ta ce. "Wata tara yana cikina, amma kai ka fi ni saninsa. Da ma can ba ka taɓa ƙaunar a ce an so shi ba. Miƙo mini bokitin nan."

Na miƙa mata bokitin.

Washegari aka yi gwajin gishiri. An ce boka ba ya bari zombi ya ɗanɗana gishiri, don da ya taɓa harshensa hankalinsa zai dawo. Manman ta dafa ɓarzajjiyar masara da busasshen kifi, ta zuba gishirin da zai kashe ɗan akuya. Mutane suka jeru a shinge kamar ana rabon kaya. Ya cinye tas, ya lashe kwanon, ya sha ruwa kofi uku, ya je gindin mangwaro ya yi barcinsa. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Ashe ba haka ba, sai aka ce ai kurwarsa tana cikin kwalba a hannun wanda ya sayar da shi, gishiri ba ya aiki sai an fasa kwalbar. Fasto ya zo ya ce aljani ne, ya yi addu'ar kwana bakwai har muryarsa ta dushe. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta duba shi ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, mai yiwuwa tun haihuwa, kuma tabbas akwai wasu mutane a wani wuri da ke nemansa. Manman ta ce yarinyar da ko ɓari ba ta taɓa yi ba, me ta sani game da 'ya'ya.

A nan ne laifina ya fara, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na yi shiru ne saboda Manman ta dawo yadda take a da. Ta koma zagin kaji, ta koma shan gahawarta da zafi, na ji ta tana waƙa tana tsefe masa gashi. Kumatunta suka ciko. Na ce a raina, wa aka cuta? Mahaukacin kasuwa ya sami tabarma da abinci sau biyu, tsohuwa ta sami ɗa. Ni ma har na saba da shi. Yakan bi ni gona ya zauna a kan kunya yana kallon tsuntsayen da aka kawo shi ya kora suna cin shinkafa. Ni nake yi masa aski. Wata rana ina cuɗa masa jiki a bakin magudanar ruwa na duba ƙasan nononsa na hagu, na ga fata sumul, sai kuma na ji haushin kaina da na duba.

Abin da na ƙi tunawa shi ne, in akwai zombi, dole akwai wanda ya sayar da shi. Mutanen ƙauyen ba su sha wahalar nema ba. Tonton Eksilis ƙanin babanmu ne, gonarsa na jikin tamu, mutum ne marowaci da ko kaza ba ta samun ƙwaya a tsakar gidansa, ga baki ba linzami. Sati ɗaya kafin Osnel ya kwanta sun yi cacar baki kan ruwan da ke ratsa gonakinmu. Osnel ya kira shi ɓarawon ruwa, shi kuma ya ce masa ba zai ci shinkafar bana ba. Irin maganar da ake faɗa sau goma a rana a bakin magudana, amma wannan karon wanda aka faɗa wa ya mutu. Sai kuma aka tuna gonar Tonton ta fi ta kowa kyau, ba a taɓa ganin ya ɗauki 'yan ƙwadago ba. Ba wanda ya tuna tun asuba yake fita da matarsa da 'ya'yansa mata huɗu.

Shi ma bai taimaki kansa ba. Ya zo gidanmu da adda a hannu daga gona, yana ɗaga murya yana cewa a nuna masa wannan gawa mai cin kwano biyu. Mutumin namu yana tsoron duk mai ɗaga murya, ya rufe fuska da hannuwa ya rarrafa bayan Manman yana wani irin kuka ta hanci. Mutum goma suka gani. Kafin magariba an ce zombi ya gane ubangidansa.

Da Tonton ya ga abin ya wuce wasa, ya fito da magana mai hankali, wataƙila ta farko a rayuwarsa. Ya ce a kira alƙalin sulhu a fasa kabarin, in babu kowa a ciki a yi masa duk abin da aka ga dama. Manman ta ce ba za a taɓa ba. Wanda ya fi ta ɗaga murya kuwa ni ne. Na ce ba za a wulaƙanta kabarin gidanmu don maganar wani tsohon banza ba, har mutane suka yaba mini. Tsoro ne kawai, na san abin da ke ƙarƙashin kwat ɗin. Tonton ya daɗe yana kallona, ya ce ashe har da ni, ya juya ya tafi. Wata biyu aka yi ba mai sayen shinkafarsa, ba mai amsa gaisuwar matarsa, aka hana 'ya'yansa ɗiban ruwa a famfo. Kullum sai in ce gobe zan yi magana, goben ta zo in ga Manman tana ba mutumin ayaba a baki tana dariya, sai in ce jibi.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga coci, samari suka ce a je a karɓo kwalbar. Manman ce a gaba da farar rigarta ta coci, tana riƙe da hannun mutumin, ni kuma ina can baya ina jan ƙafa. Suka shiga gidan Tonton suka fito da duk kwalbar da suka gani, wane gida ne ba shi da kwalabe? Ta man zurma, ta giyar rake, ta kananzir, ta maganin tari. Ana fasa su ɗaya bayan ɗaya a gaban hancin mutumin, shi kuwa yana ta kallon ƙasa. Da kwalabe suka ƙare sai aka ce Tonton ya ɓoye ta gaskiyar. Suka fito da shi suna duka, wani ya karya masa hannu da taɓarya, wani ya cinna wa rufin madafa wuta, iska ta kai ta babban ɗaki. Matarsa ta faɗi ƙasa tana kama ƙafafun mutane. Sai na ga an mirgino taya, an sa masa a wuya, ɗan Sò Klemeli yana kwance murfin galan ɗin fetur.

Ban san lokacin da na kutsa tsakiya ba. Ba jarumta ba ce, warin fetur ɗin ne ya shige ni. Na ce su tsaya, wannan mutumin ba Osnel ba ne, kuma ba bokan da ya taɓa tayar da Osnel, don ni da Dyefò mun huda masa zuciya kafin a rufe akwati. Na ce su je su fasa kabarin, za su ga wuƙa mai mariƙin ƙaho a ƙarƙashin kwat. Ɗan Sò Klemeli ya ajiye galan ɗin a ƙasa. Da a ce na ce musu babu zombi a duniya, da sun haɗa ni da Tonton a taya ɗaya. Amma wannan magana ce da kowa ya san kanta.

Ba a jira wani alƙali ba. Aka ɗauko guduma aka tafi gefen gonarmu, aka fasa bulon, aka jawo akwatin da ya riga ya ruɓe ta gefe. Ƙasusuwa na nan cikin kwat ɗin babanmu, wuƙar na nan ta yi tsatsa. Mutanen da ɗazu suke ihu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi a gida. Tonton ya zo yana riƙe da karyayyen hannunsa, ya leƙa akwatin, ya tofa mini yawu a fuska. Ya ce wata biyu ina sane na bar shi cikin wannan ukuba, kuma gaskiya ya faɗa.

Manman ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta gyara wuyan kwat ɗin, ta daɗe a haka, sannan ta miƙe ta zo dab da ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba wanda zai ji.

"Da ka soke shi, jikinsa da sanyi ko da ɗumi?"

Na ce mata zafi ake yi ranar, ɗakin rufin kwano ne, komai na ciki da ɗumi, har ruwan wankan.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, Anteno."

"Da ɗumi, Manman."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ai duk ƙauyen nan sun ce ba mutuwar Allah ya yi ba, ni ma na yarda da hakan, shi ya sa na ɗauki wuƙa. In kuwa gari aka busa masa, to bai mutu ba, kwance kawai yake. Wanda aka busa wa gari ba ya motsi, ba ya numfashin da ido zai gani, amma kunnensa na ji, yana jin kukan uwarsa, yana jin ana auna masa akwati.

"Ka yi magana a ɗakin?" ta ce.

"Na ce masa ya yafe mini."

"To, ya san kai ne."

Ta juya ta kama hannun mutumin da ta tsinto, ta ce masa, taho Osnel, rana ta yi, ba ka ci komai ba. Suka bi kunya suka nufi gida, ni kuma na tsaya na mayar da akwatin, na jera fasassun bulon yadda na iya.

Tonton ya kwashe iyalinsa ya koma birni, gonarsa ta zama ciyawa. Mutumin yana nan a gidanmu, yana kwana kan gadon Osnel, kuma ba wanda ya taɓa zuwa nemansa. Manman tana dafa abinci da ni, tana ajiye mini kwano a kan turmi, amma yau shekara huɗu ba ta kira sunana ba, ba ta kuma bari hannunta ya taɓa nawa.

Ni kuwa na zama mai tambayar da ake gudu. Na tambayi likita ko da gaske akwai garin da ke sa mai rai ya yi kama da gawa, ya ce da wuya, amma ya taɓa jin wani abu makamancin haka. Na tambayi fada, limamin cocin Katolika, ya ce in bar wa Allah. Na tambayi wani boka a bayan dutse, ya yi dariya ya ce ko jiya ya tayar da biyu, in kawo kaza. Duk wanda ya zo daga waje da littafi a hannu yana tambaya ko da gaske akwai zombi, 'yan ƙauye sukan turo shi wurina, wai ni na fi kowa sani. Sai in ba shi kujera, in roƙe shi ya fara gaya mini nasa ra'ayin. Abin da nake nema mutum ɗaya ne da zai dube ni ya ce babu, ba a taɓa yi ba, ƙanenka ya mutu tun da hantsi. Waɗanda suka faɗa mini haka ba su san komai game da wurin nan ba, waɗanda suka san wurin kuma ba su taɓa faɗa ba.